Asabar a kasuwar tsofaffin faya-fayai

Tun ƙarfe bakwai na safe maƙwabcina ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Dattijon Bature ne, yana bakin saba'in, tsohon makanikin bas da ya yi ritaya. Ya daɗe yana yi mini alkawarin zai kai ni kasuwar tsofaffin faya-fayai da ke ci lokaci-lokaci a wani zaure a nan Manchester, yau dai Allah ya yi. Ana ta yayyafi, shi kuma ya rungume wani ƙaramin akwatin katako a cikin kwat ɗinsa don kada ruwa ya taɓa. Faya-fayansa ne na musaya a ciki.

Zauren cike yake da tebura, kowane tebur da kwalaye a jere. Galibin kayan ƙananan faya-fayai ne, masu waƙa ɗaya gaba ɗaya baya, irin na Amurka masu faffaɗan rami a tsakiya. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne yadda ake duba su. Mutum zai zaro faifai, ya karkata shi wajen fitila, ya sa tabarau yana neman wasu ƙananan lambobi da aka karce a gefen takardar tsakiya. Da su ake gane bugun farko daga na jabu. Ba wanda ke gaggawa, ba kuma mai yawan magana, sai ƙarar yatsu a kan takarda da wata waƙa mai saurin kiɗa da ke tashi daga kusurwa.

A hanya ya ƙara ba ni labarin da na sha ji a bakinsa, ban kuma taɓa gajiya da shi ba. A ƙarshen shekarun 1960 samari da 'yan mata na arewacin Ingila, 'ya'yan leburori da ma'aikatan masaƙa, suka kamu da son kiɗan sol na baƙaƙen fatar Amurka. Amma ba waƙoƙin da suka yi tashe suke nema ba. Sun fi son waɗanda ƙananan kamfanoni a Detroit da Chicago suka buga, suka kasa kasuwa, aka jibge su a sito. Kulob ɗin Twisted Wheel na nan Manchester ya fara, aka rufe shi a 1971. Sai Golden Torch a yankin Stoke, sai kuma Wigan Casino daga 1973 zuwa 1981, inda shi ya yi ƙuruciyarsa. Rawa ake kwana yi har ƙarfe takwas na safe, a barbaɗa hoda a daɓe don ƙafa ta ji daɗin sulɓi. Ba a sayar da giya a wurin, amma bai ɓoye mini cewa ƙwayar hana barci ta yi wa wasu abokansa illa ba. Wani mai shagon faifai a Landan, Dave Godin, shi ya raɗa wa abin suna Northern Soul a wajen 1970, saboda 'yan arewa ne ke zuwa shagonsa suna tambayar irin wannan kiɗa. Ginin Casino ɗin ya ƙone a 1982, yanzu rukunin kantuna ne a wurin.

Gardamar da ta cinye mana yini wani saurayi ne ya tayar da ita ba da niyya ba. Ya zo teburin wani dillali, abokin maƙwabcina tun zamanin Wigan, ya tambayi faifan Gloria Jones mai suna Tainted Love. Ya ce a wajen ƙungiyar mawaƙan Ingila Soft Cell ya fara jin waƙar, sai daga baya ya gano akwai ta asali. Dillalin ya miƙa masa sabon bugu, ya karɓi kuɗinsa, yaron na juya baya ya ce ai wannan waƙa ta mutu tun 1981, ranar da ta hau lamba ɗaya a Birtaniya. A cewarsa, waƙar da ake sakawa a wajen biki da cikin kanti ta tashi daga tasu.

Wata dattijuwa da ke tebur na kusa, ita ma tsohuwar 'yar rawa, ta ajiye kofin shayinta ta ce ba ta yarda ba. Ta ce faifan da ya fito a 1965 yana nan yadda yake, muryar matar ba ta ragu da komai ba don wasu sun maimaita. Kuma ga shaida yanzun nan ta bar teburinsa: yaron da ba a haifa ba lokacin Wigan ya biyo sawun waƙar yayi har ya iso ga ta asali. Nan fa aka ja kujeru. Maƙwabcina ya sayo shayi, aka zauna.

Dillalin ba wawa ba ne, kuma hujjarsa ta farko ta zauna mini. Ya tuna musu 1975, lokacin da kamfanonin Landan suka shinshino kuɗi a arewa. Aka haɗa wasu samarin Turawa da suna Wigan's Ovation, suka maimaita wata tsohuwar waƙar Amurka, suka fito a shirin Top of the Pops na BBC. Waɗanda suka rera ta asali ba wanda ya neme su. Ya ce duk lokacin da abin baƙar fata ya shiga babbar kasuwa, sai an sauya fuskar da ke gaba. Ita kanta Gloria Jones ba ita ta rubuta waƙarta ba, Ed Cobb ne, don haka ladan marubuci da ya biyo bayan 1981 ba aljihunta ya nufa ba. A nan dattijuwar ta gyaɗa kai.

Da ya tsaya nan da na bi shi. Amma sai ya zarce zuwa farashi, fuskarsa har wani haske take. Ya kawo zancen faifan Frank Wilson na 1965, Do I Love You, wanda wani reshen Motown, babban kamfanin faya-fayan baƙaƙe na Detroit, ya buga kaɗan na gwaji sannan aka lalata su, shi mawaƙin ya koma aikin tsara wa wasu waƙa. Waɗanda suka tsira ba su cika yatsun hannu ba. A 2009 an yi gwanjon guda ɗaya a kan sama da fam 25,000. Ya kawo na kamfanin Shrine na birnin Washington, waɗanda akasarinsu suka ƙone a tarzomar 1968 bayan kisan Martin Luther King. Ya ce wannan shi ne sol na gaske, wanda kasuwa ba ta taɓa ba. Dattijuwar ta tambaye shi: da a ce faifan Frank Wilson miliyan ne a duniya, zai so shi haka? Ta ce tun 1979 aka sake buga shi a nan Ingila, yau kowa na iya jinsa a waya, kuma har yanzu idan aka saka shi sai ƙafarta ta motsa. Bai ba ta amsa kai tsaye ba, sai ya ce sautin bugun farko daban yake.

Ni dai zancen Shrine ne ya tsaya mini a rai. Ina zaune ina tunanin wanda ya rera. Wataƙila ma'aikacin masana'antar mota ne, ya tashi daga aiki ya wuce sutudiyo da dare, ya zuba duk abin da ke ƙirjinsa a minti biyu da rabi. Me yake fata? Ya ji kansa a rediyo, ya biya haya, ya saya wa mahaifiyarsa gida. Ba wanda ya taɓa shiga sutudiyo da addu'ar faifansa ya yi ƙaranci. Ƙarancin nan da ake alfahari da shi, asalinsa rashin jari ne, ko rediyon da ya ƙi sakawa, ko gobara. Bayan shekara hamsin faifan ya zama dukiya a hannun wani, shi kuma mai muryar wataƙila bai ma ji labari ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da maƙwabcina ya nemi jin ta bakina, abin da na faɗa ke nan, na kuma ƙara da zancen Motown. Duk ƙananan kamfanonin nan da ake girmamawa, irin su Ric-Tic da Golden World, salon Motown suke bi, domin abin da Motown ya samu suke nema. Berry Gordy, wanda ya kafa Motown, ya fara a 1959 da rancen dala 800 daga danginsa, kuma bai taɓa ɓoye cewa yana son farare da baƙaƙe duka su saya ba. Ya ɗauki Maxine Powell ta koya wa mawaƙansa tafiya da magana da shiga taro. 'Yan matan Supremes sun jera waƙa biyar a lamba ɗaya tsakanin 1964 da 1965, suka kuma yi wasa a Copacabana na New York, wurin manyan masu kuɗi. Dole a tuna ƙasar da ake ciki. Har zuwa 1949 mujallar Billboard da sunan launin fata take kiran jadawalin waƙoƙin baƙaƙe, kuma ko bayan an sauya sunan, gidajen rediyo a rabe suke, babban kuɗin kuma yana ɗaya ɓangaren. Mawaƙin da ya tsallaka wannan katanga ba cin amana ya yi ba. Haƙƙinsa ya je karɓa.

Na san su ma baƙaƙen Amurka suna da nasu ƙorafin a kan masu tsallakawa. Masu waƙar coci sun ji zafin Sam Cooke da ya bar su ya koma waƙoƙin duniya a 1957. An yi wa Whitney Houston ihu a bikin kyaututtukan Soul Train na 1989, wai waƙarta ta yi fari da yawa. Wannan ƙorafi ina jinsa da nauyi, domin mutane ne ke tsoron kada a tace abinsu har ya rasa ɗanɗanon gida. Na dillalin daban ne. Shi ba ya cewa waƙar ta canza. Abin da ke damunsa shi ne wasu sun sani.

Maƙwabcina ne ya kawo abin da ya fi sosa mini rai, kuma a matsayin abin tunawa mai daɗi ya kawo shi. Ya ce a Wigan idan mai saka faifai ya samo wani da ba kowa ke da shi ba, sai ya liƙe takardar tsakiya da wata, ya rubuta sunan ƙarya na waƙa da na mawaƙi, don kada abokan hamayya su gano su nemo. Suna dariya suna tuna sunayen bogin. Ni kuwa na kasa. Mutum ya rasa kuɗi a garinsu, a ƙetaren teku a samu dubban masu rawa da muryarsa, sannan a rufe sunansa. Na faɗa musu haka a hankali. Aka ɗan yi shiru, dattijuwar ta ce ita ma sai da ta girma ta ga abin ta wannan fuska.

Duk da haka ba zan ci haƙƙin mutanen nan ba. Ba don su ba, da yawancin faya-fayan nan sun tafi bola. Su suka tara kuɗin jirgi daga albashin leburanci suka je Amurka suna tonon sito cikin ƙura. Su suka nemo mawaƙan da garinsu ya manta, suka gayyato su. Edwin Starr, wanda ya fara a Ric-Tic, Ingila ya dawo da zama, a nan kuma ya rasu a 2003 yana da masu sauraro. Maƙwabcina ya san sunan mai ganga da mai tsara kiɗa na kusan kowane faifai a akwatinsa. Soyayyar gaskiya ce. Su ma ba yau suka fara rigimar ba: tun a shekarun 1970 'yan Wigan ke faɗa da 'yan kulob ɗin Blackpool Mecca, inda Ian Levine da Colin Curtis suka fara saka sababbin waƙoƙi, aka ce sun ɓata tafiya.

Na fita na yi Azahar da La'asar a wani masallaci da ke kusa, na dawo na tarar sun koma kan wa ya fara saka wace waƙa. Na sayi faifan Supremes guda ɗaya mai ɗan karce a kan fam biyu, daga kwalin da ke ƙasan tebur. Ina biya dillalin ya tambaye ni ƙasarmu. Da na ce Najeriya sai ya jawo wani kwali dabam: manyan faya-fayan da aka buga a Legas da gabashin ƙasar a shekarun 1970 da farkon 1980. Ya ce tun da wani kamfanin Amurka ya tattara waƙoƙin William Onyeabor na Enugu ya fitar a 2013, kayan Najeriya suka ƙara tsada. Na ga farashin, jikina ya yi sanyi.

Bayan Isha na kira Kawu a Kaduna. Shi ne a gidanmu ya yi zamanin garmaho da wando mai faɗin ƙafa, yana kuma tuna shekarar 1970 da James Brown ya zo Legas, duk samari suka koma kwaikwayon takunsa. Na ba shi labarin gardamar, ya yi dariya ya ce, "Ɗana, mu a lokacinmu wanda kowa ya sani shi ake nema. In ka zo da faifan da ba wanda ya taɓa ji, wa zai tashi ya taka?" Na ce, "Kawu, ina akwatinka?" Ya ce yana nan a ɗakin ajiya, zafi ya lanƙwasa wasu, yara sun fasa wasu, amma na Shata da na Ɗan Maraya da 'yan na Amurka suna nan. Na roƙe shi kada ya sayar wa kowa, a jera su a tsaye a inda rana ba ta kaiwa, kada a ɗora wani a kan wani. Ya ce gobe in Allah ya kai mu zai sa jikansa ya ɗauki hoton takardar tsakiyar kowanne ya turo mini, mu rubuta sunayen waɗanda suka rera da shekarun da aka buga.