Motar da ka gwada ita zaka saya, ba 'yar uwarta ba

Duk mai shirin sayen irin salun ɗin nan masu ɗan zafi, matsakaita waɗanda ba ƙanana ba kuma basu kai manyan na alfarma ba, dan Allah kafin ka ajiye ko sisi a hannun dillali ka tabbatar motar da ka zauna ciki ka tuƙa ita ce ainihin wadda za'a miƙo maka makullinta. Ni abin nan ya ci min kuɗi, kuma har yau in na tuna sai inji raina ya sosu.

Guda huɗu na sa a ido tun farko, duk samfurin 2021, Honda Accord mai inji 2.0 turbo, Toyota Camry mai V6, Mazda6 mai turbo sai Hyundai Sonata N Line. Lambobin ƙarfin injinsu kuwa, wanda ake aunawa da doki, na haddace su tsaf, Camry doki 301, Sonata 290, Accord 252, Mazda 250 in ka zuba mata mai mai octane 93, in kuma na gama-gari ka zuba ta sauko 227. A lissafina na lokacin Mazda ce ta ƙarshe har na kusa soke ta gaba ɗaya, giya 6 kacal gareta alhali Accord nada 10, sauran biyun kowacce 8.

Ana cikin haka sai ga ta biyar ta shigo, bazan kama sunanta ba don gaskiya ba laifin motar bane, masu ita da yawa suna jin daɗin abarsu. A hoto na ganta ta tafi da imanina, ajin da suke cewa na wasanni, baƙin rim inci 19, jikinta a ƙasa-ƙasa. Naje wajen masu sayarwa, dillalin yace wannan ajin tana hanya amma ga 'yar uwarta nan a ajiye in gwada, inji ɗaya giya ɗaya. Muka shiga yana gefena, Yallabai yi dama, Yallabai miƙe, ya kai ni wani titi sumul da ko tsakuwa babu, rediyo a kunne esi a kunne shi kuma bakinsa bai huta ba ko na daƙiƙa. Motar tana tafiya luf kamar kan katifa. Da muka dawo na tambaye shi to meye bambancinta da wadda nake so, yace "Yallabai ado ne kawai, rim ne da ɗan fiffike a kan but da jan zare a kujera sai gilashin rufi, kuma wallahi mutum biyu na jiranta, in baka sa kafin alƙalami yau ba gobe sai labari". Na sa, na rattaba hannu a takarda, na koma gida ina murna.

Ranar da ta iso na dage sai na ɗan zaga da ita kafin in cika kuɗi, kuma Allah ya taimake ni na bi hanyar da nake bi kullum zuwa aiki, wadda keda faci-faci da 'yan ramuka da tudun rage gudu. Tab. Ko kilomita biyu ban yi ba na san akwai matsala. Duk wani faci na kwalta sai inji shi a ƙashin bayana, in taya ta faɗa ɗan rami sai kaji ƙum kamar an buga guduma a ƙarƙashin kujera, ga ƙarar taya ta cika ciki, ga kuma gashin kaina yana gogar rufi saboda gilashin rufin nan yana cin wuri ta sama, ni kuma dogo ne, na sauke kujera har ƙasa amma duk da haka sai na ɗan kwantar da ita baya fiye da yadda na saba zama. Ado ne kawai fa aka ce min.

Na tsaya gefen hanya na tsuguna na karanta gefen tayar, 235/40R19. Wadda na gwada rannan kuwa 215/55R17 ce a ƙafarta. Ga wanda bai saba kula da lambobin ba, ta farkon faɗin taya ne a milimita, ta biyun kuma tsayin gefen taya ne amma a matsayin kaso cikin ɗari na faɗin. Wato 40 cikin ɗari na 235 shine milimita 94, 55 cikin ɗari na 215 kuma wajen 118. Milimita 24 kenan na roba da iska aka cire tsakanin rim da kwalta, kusan inci guda, kuma wannan robar ita ce ta fara shanye duka kafin ma ya kai ga shoka. Sannan a irin wannan ajin yawanci sifirin da shokar ma sun fi tauri don kar mota ta riƙa kwanciya a kwana. To ina ado a nan.

Don kar in zalunce su na kira bakanikena a waya, yace in duba iska tukuna, don sau da yawa ana cika wa taya iska fiye da ƙa'ida lokacin jigila kuma wasu basa ragewa kafin su ba mutum. Na duba 'yar takardar da ke liƙe a ginshiƙin ƙofar direba, na auna, lallai iskar ta haura sosai. Aka rage, na sake bin hanyar, ta ɗan yi sauƙi kam amma ba wanda zai sa in yarda in zauna da ita shekaru ba. Nace na fasa. Dillalin da ke ce min Yallabai da fara'a ya zaro takarda ya nuna min wani layi a ƙasa, in mai saye ya fasa rabin kafin alƙalami baya dawowa. "Ai ka sa hannu Yallabai." Na yi magana har na gaji, na tuna masa abin da ya faɗa da bakinsa, yace shi a wajensa ado ne, jin jiki kuma kowa da nasa. Haka rabin nan ya tafi.

Da na huce na koma kan huɗun nan na farko amma da sharaɗina. Kafin in buɗe ƙofa sai na tsuguna na karanta taya, in ba ajin da zan saya bane bana ko shiga. Hanya ni zan zaɓa, rediyo a kashe, kuma ina roƙon wanda ya rako ni ya ɗan yi shiru. Akwai wajen da suka ce su hanyarsu ɗaya ce ta gwaji basa canzawa, na gode musu na fita, kuma ban yi nadama ba.

A nan ne abin mamaki ya fito, wanda da ace na san shi tun farko da ban ɓata lokaci wajen haddar doki ba. Dokin nan 301 na Camry sai inji ya kai juyi 6,600 a minti kake samunsa, tsakani da Allah sau nawa allurarka ke kaiwa can a tuƙin yau da gobe. Abin da kake ji a ƙirji in ka taka totur daga danja ko zaka wuce babbar mota shine ƙarfin murɗawa, da kuma a juyi nawa yake zuwa. Da Nm ake auna shi, na Camry Nm 362 ne amma sai a juyi 4,700, na Mazda Nm 420 tun a 2,000, na Accord 370 tun daga 1,500. Shiyasa Mazdar da na raina, a cikin gari da ka ɗan ɗora ƙafa sai kaji ta tura ka gaba ba tare da ihu ba, ba sai ta sauke giya biyu ko uku ba, kuma giya 6 ɗin da nake ganin tsohon yayi ne ashe shi ya sa bata yawan neme-neme, ta kama ɗaya ta zauna a kai.

Camry ɗin kuma kar wani ya ɗauka kushe ta nake, V6 ɗin nan mai lita 3.5 ba turbo, ƙarfinta yana hawa a hankali a jere kuma in ta wuce 4,000 sautin da take yi kai, ni dai na sake takawa kawai don in ƙara ji. Mota ce ta mai son ya ja inji sama. Accord ce ta fi bani jin sauri a buɗaɗɗen titi, sitiyarinta mara nauyi amma yana zuwa daidai inda ka nufa, kujerar baya kuma fili ne sosai ga but mai lita 473, in da iyali ne gaba a lissafina da ita zan ɗauka ba gardama. Maɓallan giya gareta a maimakon sanda, wajen juyawa a matsattsen wuri hannuna yayi ta neman sandar da babu, amma wannan sabo ne.

Sonata ita na fi daɗewa a kai saboda giyarta mai kuloci biyu ce. Irin wannan giyar a guje babu kamarta wajen saurin canji, amma inda ake gane halinta shine a cunkoso, tafiyar taku-taku, da kuma tashi a kan gangare, don kuloci ne ke kamawa yana saki ba ruwan giya ke tura mota ba kamar a sauran ukun. Saboda haka da gangan na shigar da ita gosulo na kuma nemi hawa na tsaya a tsakiya na saki burki. Tata mai jiƙe a cikin mai ce kuma gaskiya tayi kyau fiye da zatona, sai dai kana jin ɗan bambancin kamun in ka saba da atomatik na gargajiya, wani zai so wani bazai so ba, kuma wannan ba abu bane da zaka gano a titin dillali inda daga tashi sai 80. Dukkansu huɗun da ƙafar gaba suke ja, don haka ko wacce ka danne totur daga tsaye kana karya kwana zaka ji sitiyari yana ɗan fizga ko taya ta yi ƙara, ka gwada sau ɗaya a inda ba kowa don ka san iyakarta.

Wani abu da ya ƙara ɗaure min kai, Accord da Camry ɗin da na gwada suma 235/40R19 ne a ƙafarsu, lamba ɗaya sak da waccan da ta ci min kuɗi, amma basu dake ni kamar ita ba. Sonata 245/40 ce wato milimita 98, Mazda 225/45 wato kusan 101. Kenan lambar taya gargaɗi ce kawai take maka, yadda aka saita sifirin da shoka da ma kumfar kujera duk suna ciki, kuma babu takardar da zata gaya maka yadda haɗuwarsu zata zauna a bayanka. Wanda kuma yace maka ajin sama da na ƙasa bambancinsu ado ne, ko dai bai taɓa tuƙa su a hanya ɗaya ba ko kuma yana son ka sa hannu kafin ka gano.

Mazda6 ɗin na ɗauka a ƙarshe, mai ƙaramin doki a cikinsu. Ciki shiru, kujerar ta karɓe ni, kaina baya taɓa komai, a hanyar nan tawa mai faci tana gaya min akwai rami amma bata hukunta ni a kai. Bayanta bai kai na Accord fili ba but ɗinta ma haka, na san da wannan na kuma yarda da shi da idona a buɗe, wanda ya sha bamban da a ce maka ado ne kaje ka tarar da wani abu daban. In zaka sa wani abu a hannun dillali don ya riƙe maka mota, ka sa a rubuta ƙarara cewa sai ka gwada ita kanta motar mai wannan lambar chassis ɗin, in bata yi maka ba kuɗinka ya dawo cif. In yaƙi rubutawa ka riƙe kuɗinka, mutum biyun da ke jira su ɗauka.

Yanzu dai yawancin waɗannan sai dai na hannu, don Mazda ta daina sayar da Mazda6 a Amurka bayan 2021, Accord ta ajiye injin 2.0 turbo daga samfurin 2023, Camry kuma daga 2025 duk haɗin fetur da lantarki ce ba V6. To in ta hannu zaka gwada ka ce kar a tada ta kafin kazo, ka ɗora hannu a bonet ka tabbatar da sanyi, don ƙarar da inji zai yi a tashin farko bazai sake yinta ba in yayi zafi. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da haruffan DOT a gefen taya, su ke nuna lokacin da aka ƙera ta, biyun farko mako biyun ƙarshe shekara, 3520 wato mako na 35 a 2020. Ka tambayi kuɗin taya inci 19 guda huɗu tun kafin ciniki don ba ɗaya suke da na 17 ba ko kusa, kuma siririn gefen nan rami ɗaya mai kaifi ya isa ya fito masa da ƙulu. Rim ɗin ma kar ka tsaya a fuskarsa ta waje da aka goge tana sheƙi, ka karya sitiyari har ƙarshe ka zura hannu ka shafa leɓensa na ciki, nan ne yake lanƙwashewa, sannan a titi ka riƙe ta tsakanin gudun kilomita 90 da 110 a awa na ɗan lokaci kaji ko sitiyari ko kujera na rawa.