Kwanso da firaima: inda aikina yake

Mutane sun ɗauka zuba albarushi ne sana'ar sake cika harsashi. Ni da nake yi wa mafarauta da 'yan wasan harbi masu lasisi, na san tun a kan kwanso, wato jikin harsashi da ake zuba albarushi a ciki, aiki yake gyaruwa ko ya ɓaci.

Kwanson kirki tagulla ne, kashi 70 jan ƙarfe, kashi 30 tutiya. Duk harbi ɗaya sai ya kumbura, wuyansa ya ƙara tsawo. Sai na wanke shi, na duba shi a gaban fitila, na mayar da shi girmansa, na auna, na datse abin da ya ƙaru. Wanda na ga zobe mai haske kusa da gindinsa, ya gama yawo, ba ya komawa hannun kowa. Maganin goge ƙarfe mai amoniya kuwa ba ya shiga shagona, don yana sa tagulla ta tsage.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, wata shida ya bar ni ina share ramin firaima kawai, wato ɗan maɓallin gindi da allurar bindiga ke bugawa. Ranar da ya yarda na dasa na farko, bai ko kalla ba. Ya shafa yatsa a gindin, ya ce, "Yaro, ya ɗago, sake." Firaima sai ya zauna har ƙasan raminsa, ya ɗan nutse kaɗan. In ya ɗago yana iya fashewa tun bindiga ba ta gama rufewa ba. In ka danne da ƙarfi ka lalata shi. Har yau da na'urar hannu nake dasawa, ɗaya bayan ɗaya, da tabarau a idona, saboda a tafin hannu nake jin ya zauna.

Masu kawo kaya ne ke cin raina. Su rantse maka sau ɗaya aka harba kwanson, ka buɗe buhu ka tarar da wanda ya sha wuta sau biyar. Ga irin kwanson da ake kira Berdan, mai ƙananan huji biyu a ramin firaima, a cakuɗe da irin Boxer mai huji ɗaya a tsakiya. Berdan guda ɗaya ya isa ya karya maka allurar cire tsohon firaima. Wani ma ƙarfe ne aka yi masa ruwan tagulla. Shi ya sa maganaɗisu ba ya barin aljihuna.

Sannan mai saye ya zo yana cewa na wane ya fi araha. Nakan ɗauko kwanso biyu in ajiye a tafinsa, in ce, "Ranka ya daɗe, shafa gindinsu tukuna."