Godiya ga waɗanda suka tsaya tare da mu kan batun makaranta da sana'a

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena, mutanen wannan mazaɓa.

An kaɗa ƙuri'a, an ƙidaya, an sanar da sakamako, kuma Allah cikin ikonsa ya ɗora mini nauyin kujerar kansila ta hannunku. Alhamdulillahi. Yaba kyauta tukuici ne, shi ya sa ba zan jira sai an rantsar da mu kafin in ce muku na gode ba.

Tun da muka fito neman wannan kujera, masoyanmu da dama sun ja kunnenmu cewa maganar makaranta da koyon sana'a ba ta tara jama'a a gangami. Suka ce mai jefa ƙuri'a yana son abin da zai gani gobe da safe, shi kuwa karatu sai an ɗebi shekaru ake cin moriyarsa. Shawara ce ta ƙauna, na kuma san dalilinsu. Amma ga shi kun fito, kun zauna cikin rana, kun saurari bayanin benci da allo da keken ɗinki, har kuna katse mu da tambayoyi. Wannan sauraro ya fi mini komai daɗi a cikin yaƙin neman zaɓen nan.

Godiyata ta farko ga malaman firamare take. Su ne suka buɗe mana ƙofofin azuzuwa, ba su ɓoye mana komai ba. Wata shugabar makaranta ta ɗauko rajistar 'yan aji biyar ta nuna mini sunaye cike da shafi, sannan ta kira wata yarinya ta ba ta littafin 'yan aji biyu. Yarinyar ta ɗora yatsa a ƙarƙashin kalmar farko, ta furta harafi ɗaya, ta tsaya, ta ɗago kai tana duban malamar. Ba ta fashin zuwa makaranta, kayanta tsaf, fensirinta a fiƙe. Malamar ta ce irinta suna da yawa, kuma da za a sami wanda zai zauna da su rukuni-rukuni bayan an tashi, kafin zangon karatu ya ƙare da yawansu za su kama. Daga bakinta muka ɗauki wannan alƙawari muka sa a takardar manufofinmu. Malama, Allah ya saka miki da alheri, ya biya ki wahalar da kike sha.

Abin da muka gani a ajin nan ya game duniya. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar tare da UNICEF da UNESCO da wasu hukumomi a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimci abin da ya ƙunsa. Kafin annobar korona ta sa a rufe makarantu, adadin kashi 57 ne. Da yawan waɗannan yara suna cikin aji, an rubuta sunayensu, ana kiransu suna amsawa kowace safiya. Don haka duk inda na tsaya na riƙa cewa fentin bango da sabon kwano suna da kyau, muna kuma son su, amma abin da za a auna mu da shi shi ne ko yaron ya iya karatu.

Sai iyayen gidanmu masu sana'ar hannu: teloli, kafintoci, makanikai, magina, masu walda, masu gyaran waya da masu haɗa sola. A nan zan ɗan daɗe, domin su ne suka gyara mana tunani. Mun je musu da shirin neman a gina cibiyar koyar da sana'a, suka saurara cikin mutunci, sannan wani dattijo mai shagon walda ya kira babban yaronsa. Ya miƙa masa tef ya ce ya auno ƙarfe santimita 85. Yaron nan hannu gare shi, na ga ƙofar da ya haɗa, ko tabo babu a wajen haɗin. Amma da ya ja tef ɗin sai ya tsaya yana ƙirga zane-zanen da ke jiki ɗaya bayan ɗaya, don lambobin ba sa gaya masa komai. Dattijon ya ce shekara nawa yana fama da wannan, ƙarfe nawa aka yanke ba daidai ba aka yi asara, kuma ranar da zai yaye yaron ba shi da wata takarda da zai ba shi wadda wani kamfani zai duba ya yarda da ita. Ya ce shi aikin hannu ya iya koyarwa, a taimake shi da wanda zai koya wa yaransa lissafi da karatu, a kuma nemo hanyar da za a jarraba su a ba su shaida. Wata tela ta faɗi kusan haka game da 'yan matan da ke shagonta: sun iya yanka, sun iya ɗinki, amma rubuta awon mai kaya a littafi sai ita.

Baba, na gode. Maganarka ce ta zama ƙashin bayan tafiyarmu. Cibiyoyin koyon sana'a suna nan a cikinmu tun tuni, su ne waɗannan shaguna da gareji-gareji, kuma masu su suna ɗawainiya da 'ya'yan mutane ba tare da wani ya ce musu sannu ba. Abin da ya rage shi ne a haɗa su da makaranta.

Akwai ƙasashen da suka daɗe a kan wannan hanya. A Jamus matashi yakan ƙulla yarjejeniya da wurin aiki, ya yi kwana uku ko huɗu na mako a can, kwana ɗaya ko biyu a makarantar sana'a, ana kuma ba shi ɗan alawus duk wata. Bayan shekara biyu zuwa uku da rabi sai ya zauna jarrabawa a gaban ƙungiyar masu sana'a ko ta 'yan kasuwa da masana'antu, ya karɓi takardar da ake amincewa da ita a duk faɗin ƙasar. Sun kafa dokar wannan tsari tun 1969, kuma sana'o'in da aka amince da su sun haura 300. Ba na ce kansila zai iya kawo wannan a wa'adi ɗaya ba. Na kawo misalin ne don a ga cewa abin da dattijon nan ya roƙa abu ne da aka gwada, ya kuma yi aiki. Wani hanzari kuma, shelar kare haƙƙin ɗan'adam ta 1948 a sashe na 26 ta ambaci ilimin fasaha da na sana'a a cikin abin da ya kamata a wadata jama'a da shi, yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 ma ta maimaita haka a sashe na 28. Ke nan yaron shago haƙƙinsa yake nema, bai kamata a riƙa yi masa gori ba.

Iyayena mata, ban san da wane baki zan gode muku ba. Ku ne kuka fi kowa tsare mu da tambaya, musamman kan 'yan matan da karatunsu ya tsaya a hanya da kuma waɗanda suka girma ba su sami shiga aji ba. Kun ce in za a buɗe ajin yamma a sa shi a lokacin da mace za ta iya zuwa ta dawo da ido. Mun rubuta. Ranar zaɓe kuma layinku ne ya fara cika.

Matasan da suka yi ta bin gida-gida da takardunmu, suka manna fosta, suka ɗauki kujeru suka mayar, Allah ya yi muku albarka. Abin da na fi alfahari da shi game da ku shi ne ba a ji ɗayanku ya ɗaga makami ko ya yage fostar wani ba, ko a lokacin da aka tsokane ku. Wakilanmu da suka kwana a rumfunan zaɓe har aka gama ƙidaya, malaman zaɓe, jami'an tsaro, direbobin da suka ajiye nemansu suka ɗauke mu, masu bugun takardu da suka yi mana haƙuri, duka na gode.

Abokan takarata, mun yi hamayya, ba mu yi gaba ba. Ɗaya daga cikinku ya riƙa magana kan yara masu buƙata ta musamman da matakalar aji ke hana su shiga, magana ce mai kyau kuma zan ɗauke ta zuwa majalisa da izininsa. Waɗanda kuka zaɓi wani ba ni ba, 'ya'yanku na zaune a benci ɗaya da na waɗanda suka zaɓe ni, ba ni da hanyar bambanta su kuma ba zan nema ba. Iyalina da suka jure rashina a gida, su kaɗai suka san abin da suka haƙura da shi. Allah ya bar zumunci.

Ya kamata in faɗi iyakar kujerar nan tun yanzu. Kansila ba ya tsara manhaja, ba ya ɗaukar malamai da kansa, baitulmali kuma ba a hannunsa yake ba. Abin da yake da shi shi ne murya da ƙuri'a a majalisar ƙaramar hukuma, da ido a kan kasafin kuɗi, da ƙafar zuwa ya duba ko an yi aikin da aka ce an yi. Da waɗannan zan yi muku aiki, kuma abin da aka ware wa makarantunmu, kaɗan ne ko da yawa, zan karanta muku shi a bainar jama'a.

Za mu fara da abin da ba ya buƙatar jiran kowa. Ina roƙon kowane mai shago ya rubuta sunayen yaran da ke koyo a wurinsa, shekarunsu, da ajin da suka tsaya. Shugabannin makarantu kuma su taimaka da jerin ɗaliban da ke buƙatar ƙarin darasin karatu, da azuzuwan da za a iya amfani da su da yamma. Duk wanda ya yi karatu yake zaune, yana kuma iya ba da awa biyu a mako, ya ba da sunansa, muna da buƙatarsa ƙwarai. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 15 ga Yuli tun 2014 a matsayin ranar ƙwarewar matasa ta duniya, kuma a ranar nake so mu haɗu da malamai da masu sana'a a wuri ɗaya, in zo da rahoton abin da aka yi da wanda ba a yi ba, ku yi mini tambayoyi. Za a sanar da wurin taron ta bakin shugabannin makarantu da na ƙungiyoyin sana'a.

Na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri.