Farautar lamba da tsohuwar kwamfuta a Birnin Kebbi

Tun watan Fabrairun 2023 akwai wata tsohuwar kwamfutar tebur a kusurwar falona da ba ta da aiki sai lissafi. Ba a kallon fim da ita, ba a buga takarda. In akwai wuta ka ji fankarta tana gurnani, in an ɗauke ta yi shiru. Duk baƙon da ya shigo sai ya tambaya, kuma ranar farko uwargida ce ta fara: "Malam, mi wanga inji yake nema da ba ya barci?" Na ce mata lamba yake nema. Ta ce lambar wa? Na ce lambar da babu wanda ya taɓa gani.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare, kuma shekara da shekaru ina koyar da abin da muke kira firam namba, wato lambar da ba ta rabuwa daidai sai da 1 ko da ita kanta. Misalin da nake ba yara shi ne na shinkafa. Mudu 12 za ka raba wa mutum biyu, ko uku, ko huɗu, ko shida, kowa ya samu daidai. Mudu 13 kuwa, sai dai mutum ɗaya ya kwashe, ko mutum 13 kowa ya ɗauki mudu guda. A ajina muna ce musu gagara-rabo. Sama da shekara dubu biyu ke nan da Euclid, masanin lissafi na tsohuwar Girka, ya tabbatar ba su da iyaka, amma gano manyansu wani aiki ne dabam.

Akwai wani dangi nasu mai ɗauke da sunan Marin Mersenne, wani malamin addinin Kirista Bafaranshe da ya rasu a 1648. Ka jera 2 sau da yawa ka ninka su, sannan ka cire 1. Biyu guda 3 sun ba da 8, cire 1 saura 7. Guda 5 sun ba da 31, guda 7 sun ba da 127, duka gagara-rabo. Sai mutum ya ɗauka ya samu hanya. To, guda 11 sun ba da 2047, ita kuwa 23 sau 89 ce. Ka ga ke nan dole sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an gwada. Wannan ne ya sa wani Ba'amurke, George Woltman, ya kafa wani shirin neman irin waɗannan lambobi ta intanet mai suna GIMPS a 1996: a raba aikin ga duk mai kwamfuta a gida da ya yarda ya ba da aronta kyauta. Kamar aikin gayya ne, sai dai gonar ba a ganinta, kuma ba ka san wanda ke noma kunyar da ke kusa da taka ba. Kana sauke wata manhaja mai suna Prime95, ita kuma ta tuntuɓi babbar kwamfutarsu, PrimeNet, a ba ka lamba ɗaya taka kai kaɗai.

Ban ɓoye ba, da kwaɗayi na shiga. Na karanta labarin Jonathan Pace na jihar Tennessee, wanda ya shafe shekara 14 yana wannan nema, sai a Disamban 2017 wata kwamfutar cocinsu da yake kula da ita ta gano lamba mai alƙaluma 23,249,425. Na ce in kwamfutar coci ta yi, me zai hana ta falona? Ga kuma dala 3,000 da GIMPS ke ba wanda ya dace.

Na zaɓi aikin maimaita gwaji, domin ya fi gajarta. Lamba ce da wani ya riga ya gwada a baya, kai kuma ka sake daga farko don a tabbatar injinsa bai yi kuskure ba. Manhajar ta nuna min kwanaki kaɗan ne in injin bai tsaya ba. Da wutarmu sai da na haura wata biyu. Abin da ya cece ni shi ne tana adana inda ta kai duk bayan rabin awa, don haka in an ɗauke wuta ba a komawa farko. Wani lokaci da dare in na ga saura kaɗan a kai wani mataki, har janareta nakan tayar mata.

A ƙarshen Afrilu gwajin ya kammala. Sakamakon layi ɗaya ne: lambar ba gagara-rabo ba ce, sai wasu haruffa da alƙaluma guda 16 a gefe. Waɗannan 16 ɗin su ne shaidar aikin. In naka sun yi daidai da na mutumin farko, an rufe maganar wannan lamba har abada. Na buɗe shafin, na sa yatsa a kan gilashi ina bin su ɗaya ɗaya. Tun harafin farko suka saɓa. Na yi ta gaya wa kaina ai wancan ne ya yi kuskure, ni na kama shi. Bayan wasu makonni mutum na uku ya gama nasa, ya yi daidai da na farko. Nawa ne gurɓatacce.

Abin ya yi min ciwo ƙwarai, domin alamun sun bayyana tun da wuri na ƙi kula. Manhajar ta sha rubuta gargaɗin kuskure a cikin Maris da Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, ni kuma na rufe falo saboda yara. Na kai injin wurin mai gyara a kasuwa. Da ya kwance murfin ya kira ni: "Malam, zo ka gani da idonka." Ƙurar hunturu ta daskare tsakanin haƙoran ƙarfen da ke sanyaya furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, ta zama kamar auduga ja, iska ba ta da hanyar wucewa. Man da ake shafawa a ƙarƙashin ƙarfen ya bushe yana ɓarɓashi. Ya hure ƙurar da bulowa, ya sa sabon mai, ya ce ɗaya daga cikin ram ɗin ma, wato ma'ajiyar da injin ke riƙe lissafi a cikinta yana aiki, ba ta zauna daidai ba. Prime95 tana da wani gwaji da ke matsa wa inji lamba don a ga ko zai yi kuskure, kuma shi ya kamata in fara yi kafin in karɓi aikin kowa. Kwamfuta tana iya buɗe Facebook lafiya ƙalau shekara guda alhali tana tafka kuskure a lissafi mai nauyi, kuma a irin wannan aiki kuskure ɗaya tak ya isa ya lalata wata biyu.

Wani kuskuren kuma na hali ne. Don in ƙara sauri sai na sa manhajar a laftof ɗin ƙanena da ke karatu a jami'a ba tare da na gaya masa ba. Kwana uku ya dawo yana cewa, "Yaya, injina yana zafi kamar dutsen guga, batir ba ya awa ɗaya." Na faɗa masa gaskiya, na ba shi haƙuri, na cire. Ƙa'idar GIMPS kanta ta ce kada ka sa a kwamfutar da ba taka ba sai da izini. Na kuma gane laftof ba na wannan aikin ba ne a yanayinmu.

Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, zancen janareta ya ƙare. Ba zan ƙona kuɗin cefane a kan lamba ba. Yanzu injin yana tashi ne in an kawo wuta, ko da tsakar rana in batiran sola sun cika wutar tana zuba a banza. Daga Maris zuwa faɗuwar damina ina rage masa nauyi, in bar rabin ƙarfinsa kawai yana aiki. Kuma ba na karɓar lamba mai tsawon da zai sa wa'adinta ya wuce a ƙwace a ba wani.

A Oktoban 2024 aka sanar da ta 52 a dangin Mersenne: biyu guda 136,279,841, a cire 1. Tsawonta alƙaluma 41,024,320. Na lissafa wa yara a allo cewa in kana rubuta alƙalami ɗaya duk daƙiƙa, ba ci ba barci, sai ka yi kwana 474 da ɗoriya. Wanda ya gano ta, Luke Durant, tsohon ma'aikacin Nvidia ne, kamfanin ƙera kayan kwamfuta, kuma ba da kwamfutar gida ya yi ba. Dubban manyan injuna ya yi haya a ƙasashe 17. Ranar na daɗe zaune ina kallon nawa injin, na kusa kashe shi gaba ɗaya.

Abin da ya hana ni shi ne tunanin abin da ake ƙoƙarin sani. Ba a neman mafi girma kaɗai, ana so a tabbatar babu wadda aka tsallake a tsakani. Kowace lamba da aka tabbatar ba ita ba ce, wani ne ya ba da wutarsa da lokacinsa, kuma ni na ga da idona yadda inji ke yin kuskure ba tare da mai shi ya sani ba. Da babu mutum na uku, da gurɓataccen sakamakona yana nan yana rikita lissafi. In an tambaye ni amfanin abin ba na ƙara gishiri. Gagara-rabon da ke tsare sirrin hada-hadar banki a intanet masu alƙaluma ɗaruruwa ne, waɗannan ƙattin ba sa shiga wannan aiki. An dai taɓa gano wani aibi a furosesan Intel samfurin Skylake ta hanyar Prime95 a farkon 2016. Ni dai abin da na samu a hannu shi ne ajina. Yaran da da suke haddace 2, 3, 5, 7 don jarrabawa yanzu su suke tare ni a bakin ƙofa. Wata yarinya ta kwana biyu tana raba 8191 da hannu, ta zo da takarda cike gaba da baya ta ce, "Malam, wagga ba ta rabuwa." Gaskiyarta, biyu guda 13 ce a cire 1.

Gwajina na biyu ya kammala cikin damina. Na sake sa yatsa a gilashi, haruffa 16, duka suka dace da na wani mutum da ban san ƙasarsa ba. Na kira uwargida ta gani. Tun daga nan na gama wasu, babu wanda ya sake saɓawa. Wanda ke kai yanzu ya wuce rabi, kuma ran Asabar zan kwance murfin in hure ƙura kafin zafi ya shigo.