Fasfo Ya Ɓata a Saudiyya: Abin da Ofishin Jakadanci Zai Yi Maka da Abin da Ya Fi Ƙarfinsa

Nijeriya tana da ofisoshi biyu a Saudiyya, babban ofishin jakadanci a Riyad da ƙaramin ofishi a Jidda. Wanda ke Makka, Madina ko Ɗa'if, na Jidda ne nasa, kuma can ne matsalolin masu Umara, masu aikatau da 'yan takari suka fi taruwa. Juma'a da Asabar ba a aiki, haka ranakun hutun ƙasashen biyu, don haka wanda tikitinsa ke hannu kada ya bari sai daren Alhamis.

Ƙarfin ofishin nan a abu biyu yake: yana iya shaida wa hukumomin Saudiyya a rubuce cewa kai ɗan Nijeriya ne, kuma yana da ikon ya zo ya gan ka idan an tsare ka. Duk sauran taimako daga nan yake fitowa. Shi ya sa mutumin da ba shi da abin da zai nuna ko shi wane ne, ko wanda ofishin bai ma san an kama shi ba, yakan daɗe yana wahala.

Mu fara da ɓatan fasfo, tunda shi ya fi yawa. Mai Umara ya sanar da kamfanin da ya kawo shi nan take, alhaji kuma ya sanar da jami'an hukumar alhazai ta jiharsa ko na NAHCON. Mai iƙama, wato katin izinin zama, ya gaya wa kafilinsa, wanda ya ɗauke shi aiki. Daga nan sai a kai rahoto ga shurɗa, wato 'yan sanda, ko Jawazat, hukumar da ke kula da shige da fice, a karɓi takardar shaidar cewa an kai rahoton. Kada a raina wannan takarda. Idan wani ya tsinci fasfon ya yi ɓarna da shi, ita ce za ta wanke ka.

Sai ka je ofishin da ƙafarka, ba aike ba. Ka riƙe takardar rahoton, hotunan fasfo sababbi, kwafin shafin fasfo mai ɗauke da hotonka, kwafin biza ko iƙama, da lambar NIN. Za a zaunar da kai a yi maka tambayoyi: jiharku, ƙaramar hukumarku, sunan garinku, wa ke sarauta a can, wa za a kira a gida. Wasu suna jin haushin tambayoyin nan, amma da dalili. Hausa ba ta Nijeriya kaɗai ba ce. Ɗan Maraɗi, ɗan Damagaram, Bahaushen Sudan da na Chadi duk za su yi maka Hausa tsantsa, kuma jami'i ba zai sa hannu a kan takardar ƙasa saboda harshe kawai ba. Waɗanda abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya su ne 'ya'yan da aka haifa a can ga iyaye marasa takardu, ba shaidar haihuwa, ba fasfon uwa ko na uba. Duk macen da ta haihu a Saudiyya ta riƙe takardar asibiti da kyau, ta kai yaron ofishin tun yana jariri.

Idan gida za ka koma, ba sabon fasfo za a ba ka ba, takardar tafiya ta gaggawa ce wadda aka fi sani da ETC. Tafiya ɗaya take yi, zuwa Nijeriya kawai, kuma wa'adinta gajere ne. Ba a zuwa Dubai sayayya da ita. Ka nemi jirgin da zai sauka Kano ko Abuja kai tsaye, idan kuma sai an yada zango a wata ƙasa, ka tambayi kamfanin jirgin kafin ka biya kuɗi ko za su ɗauke ka da ita.

A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe: takardar ofishin jakadanci ba izinin fita ba ce. Izinin fita na Jawazat ne. Sai sun duba yatsunka sun haɗa da bayanan shigowarka, sun ga babu tara, babu ƙara a kotu, babu bashin da aka kai ka a kai. Akwai lambar da jami'in filin jirgi ke bayarwa ranar da ka shigo, wadda ake kira lambar iyaka. Wanda ya ɗauki hotonta a waya ya rage wa kansa zirga-zirga sosai. Kafin ka bar gida, ka ɗauki hoton shafin fasfo, biza da katin NIN, ka tura wa mutum biyu da ka amince da su, domin sau da yawa jakar da fasfo ke ciki ita ce wayar ma ke ciki.

Mai son ci gaba da zama kuwa sabon fasfo zai nema, kuma a nan NIN ce ke riƙe mutane. Idan a NIN an rubuta Muhammad, a tsohon fasfo Mohammed, ko ranar haihuwa ta sha bamban, aikin zai tsaya har sai an gyara a hukumar NIMC mai bayar da NIN. Ofishin jakadanci ba ya iya gyara wannan da alƙalaminsa.

Batun masu aikatau ya fi wannan ɗaci. Dokar Saudiyya ta hana kafili riƙe fasfon ma'aikacinsa, amma ana yi. Yarinya ta gaji da duka ko rashin albashi ta gudu, uban gida ya riga ta kai rahoton cewa ta tsere, abin da ake kira hurub. Wannan kan kai ta ga zama ba bisa ƙa'ida ba, kuma hanyarta ta gida yawanci sai ta tarhil, wato wurin tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, kamar sansanin Shumaisi da ke tsakanin Jidda da Makka. Jami'an ofishin suna zuwa can su tantance 'yan Nijeriya su ba su takardar tafiya, amma ba su ke da makullin wurin ba. Shawarata ga duk wadda ke cikin irin wannan hali, ko danginta a gida: a kai kuka ofishin jakadanci da ofishin ƙwadago tun tana gidan aikin, kafin a rubuta mata hurub. A ajiye kwafin yarjejeniyar aiki, lambar iƙama, lambar wayar kafili da sunan wakilin da ya kai ta. Idan waya ta ƙi shiga, dangi su rubuta wa NiDCOM, hukumar kula da 'yan Nijeriya mazauna ƙasashen waje, da Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, da cikakken suna kamar yadda yake a fasfo.

Wanda aka kama, yana da haƙƙi a ƙarƙashin sashe na 36 na yarjejeniyar Biyana ta 1963 kan hulɗar ƙananan ofisoshin jakadanci: idan ya nema, dole a sanar da ofishin ƙasarsa ba tare da jinkiri ba. Amma fa sai ya nema. Ya faɗa da bakinsa, ya maimaita, kuma kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a kan takardar Larabci da ba a fassara masa ba. Jami'i zai iya ziyartarsa, ya sanar da iyalinsa, ya taimaka a sami lauya da tafinta, ya bi diddigin shari'ar. Ba zai iya fito da shi daga kurkuku ba, ba zai biya masa tara ba, ba zai sa alƙali ya sauya hukunci ba. Laifin ƙwayoyi a Saudiyya yana kai wa ga kisa. Zainab Aliyu, ɗalibar da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 saboda jakar tramadol da aka maƙala wa sunanta, an sake ta a Afrilun 2019 ne bayan binciken NDLEA ya nuna a filin jirgin Kano aka ƙulla abin. Hujja daga gida ce ta ba jami'an diflomasiyya abin riƙewa. Don Allah kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ba, ka kuma ƙirga takardun shaidar jaka da aka liƙa maka a tikiti.

Idan rasuwa aka yi, Allah ya sa mu cika da imani, ana buƙatar takardar asibiti, rahoton shurɗa idan haɗari ne, da wasiƙar ofishin jakadanci cewa ba shi da ja a kan a binne a can ko a kawo gawa gida. Ofishin ba zai rubuta ta ba sai ya ji amincewar iyali, don haka a zaɓi mutum ɗaya ya yi magana da yawun kowa. Haƙƙoƙin mamaci, wato ragowar albashi, kuɗin sallama daga aiki, ko diyya idan mota ce ta buge shi, ba sa zuwa da kansu. Magada za su samo takardar kotu mai lissafa sunayensu, su rubuta wakala ga wanda zai karɓa, a fassara ta zuwa Larabci, a buga mata hatimi a Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan a ofishin jakadancin Saudiyya. Idan sunan mamaci a takardar kotun bai yi daidai da na fasfonsa harafi da harafi ba, za a dawo da ita a sake daga farko.