Yanar idon Hajiyarmu

Shekara biyu Hajiya tana cewa hazo take gani, mu kuma muna ce mata ai Jos ce Hajiya, hazo ba baƙo bane, har sai ranar da ta kasa gane yayata a tsakar gida da rana tsaka sai da tayi magana. Fitilar mota da daddare kuwa cewa take kamar an watsa mata ruwa a fuska.

Ni duk zatona yanar ido wata fata ce da ke rufe ido ta waje, shi yasa muka yi ta sayen maganin ɗigawa a kemis, ga tozali ga zuma. Ashe abin a ciki yake. Bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi garai-garai da haske ke bi, shi ne yake dusashewa yayi fari kamar an zuba nono a ruwa, yawanci tsufa ke kawo shi, ciwon suga yana saurin kawo shi, haka buguwa a ido da shan taba, har jarirai ana haifa da ita. To ta ina maganin ɗigawa zai wanke abin da ke can ciki?

Wata maƙwabciyarmu a Anguwan Rogo ta kawo shawarar masu cire yana na gargajiya, wai take yanke ake gani. Wallahi saura ƙiris. Su basa cire komai, allura suke sawa su tura madubin ya faɗa can cikin ido, kuma da yawa daga nan idon ke mutuwa gaba ɗaya. Binciken makanta da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yanar ido ce kan gaba wajen makantar da mutane, abin haushin kuma irin makantar da ake warkewa ce, ba kamar hawan jinin ido ba da in gani ya tafi ya tafi kenan.

Da ƙyar yayanmu ya lallaɓa ta muka je asibiti, ita tsoronta wai za a ƙwaƙulo idon a wanke a mayar. Aikin bai kai minti 30 ba, ko barci ba a sa ta ba, kashe wurin kawai aka yi aka cire madubin da ya lalace aka sa na roba.

Washegari aka buɗe bandeji, muna dawowa gida ta tsaya tana kallon zanen jikinta tace "kai Ɗan'auta, wa ya saya min wannan atamfa mai ihu haka?" Nace Hajiya ke kika zaɓa da kanki a kasuwar Terminus bara. Har yau bata yarda ba.