Tashi daga kujera ma sai an koya

Tun da ɓarin jikin mahaifiyata na dama ya shanye na daina raina tashi daga kujera. Likitar fisiyo, wato mai koya wa marasa lafiya atisayen motsa jiki, ita ce ta warware mana shi daki-daki: a matso bakin kujera, a janyo ƙafafu su dawo ƙarƙashin gwiwa, a sunkuyo gaba har hanci ya zo saitin yatsun ƙafa, sannan a miƙe. Sunkuyowar nan ce Inna ke tsoro, don a wurinta faɗuwa ce. Sai ta jingina baya, nauyinta kuma ya sake zaunar da ita.

Abu uku ke riƙe mutum a tsaye: ido, da can cikin kunne, da jijiyoyin tafin ƙafa da gaɓoɓi masu sanar da ƙwaƙwalwa inda jiki yake. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarta ciwon ya taɓa, shi ya sa dama ta yi rauni, ƙafar kuma ba ta jin ƙasa sosai. Da ido take cike giɓin. Da rana takan tsaya daram, amma duhu na yi sai tangal-tangal. Don haka fitila ba ta mutuwa tsakanin gadonta da banɗaki, kuma mun ɗauke duk shimfiɗar da za ta iya harɗe ta.

Sauran ƙa'idojin haddace su muka yi. Sanda a hannu mai lafiya. Hawa matakala da ƙafa mai ƙarfi ake farawa, sauka da mai rauni. Wajen sa riga hannun da ya shanye ne ke fara shiga, wajen cirewa shi ne na ƙarshe. Ba a kuma jan ta ta wannan hannun, domin kafaɗar na iya gocewa. Masu zuwa dubiya ne suka fi yin haka, da kyakkyawar niyya kuwa.

Abin da ya fi yi mini wuya shi ne naɗe hannu ina kallo tana fama da maɓalli guda. Yatsun su kama, su suɓuce, ta ja numfashi ta sake. Raina na cewa in ƙarasa mata. Amma da maimaici ƙwaƙwalwa ke buɗe sababbin hanyoyi, hannun da aka riƙa hutar da shi kuwa ƙara mutuwa yake yi. An fi samun ci gaba a wata 3 zuwa 6 na farko, ko da yake ba a nan yake tsayawa ba, kuma ba na son tausayina ya cinye mata wannan lokaci. In na matso, ita da kanta ke cewa, "Bar ni, 'yar nan."

Akwai ranakun da gajiya ke kayar da ita tun da safe, ta yi kuka, mu haƙura da atisaye. Yanzu juyawa take koyo, da ƙananan taku ba tare da ƙafa ta harɗe ƙafa ba, ni kuma ina tsaye ta ɓarinta na dama, ɗan baya kaɗan, hannuna kusa da ƙugunta.